Jirgin Maigidana da Fedar Kekena

Maigidana mai gyaran rediyo ne a Gumel, ni kuma tela ce, a cikin gida nake ɗinkina. Shagonsa a bakin titi yake, ɗan tsukuku, idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya daga waje. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, daga baya aka riƙa kawo masa talabijin da fanka da amfilifayar masallatai, har zamani ya zo da kowa ya koma jin labarai a waya, aikin ya ja baya. Bai taɓa koyon gyaran waya ba, ya ce idonsa ba zai iya da ƙananan abubuwan nan ba. Asalinsa mutumin Gagarawa Tasha ne, can aka haife shi, ƙofar gidansu tana kallon layin dogo. 'Ya'yanmu biyu: ta fari tana aure a Sule Tankarkar, namijin yana aiki a Kano. Saboda haka gidan daga ni sai shi.

Wata Alhamis ya je kasuwar Maigatari neman matattun rediyoyin da yake cire wa kayan ciki, ya dawo da wani kwali ɗaure a bayan babur. Na ɗauka kayan aiki ne. Sai da ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki ya buɗe. Jirgin ƙasa ne na wasa, amma ba irin na robar da ake saya wa yara da salla ba. Kan jirgin baƙi ne, da nauyi a hannu, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, ga 'yan taragai, ga guntayen dogo da ake harhaɗawa su zagayo su haɗe. Ya ce a wurin wani mutumin Damagaram mai kayan gwanjo ya gan shi. Komai na nan, sai abu ɗaya: akwatin da ke ba shi wuta, wanda ake murɗawa ya ƙara gudu ko ya rage.

Ya harhaɗa dogon, ya ɗora jirgin, ya ciro batirin babur ya jona wayoyi biyu a jikin dogon. Jirgin ya fizga kamar an tsikari jaki, yana isa kwanar farko ya tuntsure ya shige ƙarƙashin gado. Da muka lalubo shi, ɗan bututun hayaƙinsa ya karye. Na yi ta dariya. Shi ma ya yi, yana jujjuya shi a hannu.

"Wutar ce ta yi masa yawa," in ji shi. "Sai an yi masa abin da zai riƙa ba shi ita kaɗan-kaɗan. Aikin yini ɗaya ne."

Ya mayar da komai cikin kwalin ya ɗora a saman durowar kaya. Nan ya zauna shekara da shekaru. Ni har na manta da shi.

Ciwon a shago ya same shi, da hantsi. Maƙwabtansa na sana'a suka ce yana cikin magana da wani da ya kawo fanka, sai bakinsa ya karkace, ya zame daga kan benci. Aka kai shi asibiti a nan, daga baya ɗanmu ya zo ya tafi da shi Kano. Da muka dawo gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Wannan ma da sauƙi a kan maganarsa. Mutumin da idan ya fara ba ka labarin yadda ya gano ciwon wata rediyo sai shayi ya huce, kalma biyu kawai suka rage masa: "to" da "bari". Abin da ya fi ba ni mamaki, idan ya zauna salla Fatiha takan fito masa daga farko har ƙarshe, ba gargada. Yana sallamewa kuma ba zai iya ce mini "ruwa" ba. Yana jin duk abin da aka faɗa, yana ganewa, amsar ce take tsaya masa a baki, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Da farko gidan ba ya rabuwa da masu dubiya. A hankali ƙafa ta ɗauke, kamar yadda takan ɗauke. Mai shagon da yake haya ya buƙaci wurinsa, aka kwaso kayan aikinsa a buhuna aka jibge a ɗakin ɗanmu da babu kowa ciki. Shi kuma ya zama kullum idan na fito da shi inuwar darbejiya, sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Idan na kunna masa rediyo, ya miƙa hannun hagu ya kashe. Abinci sai na yi da gaske yake karɓa.

Wata safiya a cikin bazara ina gyara masa gado, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna saman durowa.

"Bargo kake so, Malam, cikin wannan zafi?"

"Bari."

"Hularka?"

"Bari. Bari."

Na yi ta sauko da kaya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa bari, har na jawo kwalin nan da yanar gizo-gizo ta lulluɓe. Sai ya ce, "To," ya sauke numfashi.

Na ɗauka so yake ya gani kawai. Na harhaɗa masa dogon yadda na tuna ya yi, a kan wani tsohon ƙyauren katako da muka shimfiɗa a ƙasa. Amma bai tsaya nan ba. Ya sa na rirriƙe shi har ɗakin da kayan shagonsa suke, ya zauna a kujera, ya riƙa nuna buhu da sanda, ina zazzagewa. Abin da yake so ya ce to, abin da ba ya so ya ture da sandar. Kafin azahar mun tara 'yan wayoyi, da filaya, da mitarsa mai allura, da dalma, da ƙarfen narka ta. Na lantarki bai ɗauka ba, don wuta sai ta ga dama take zuwa mana. Tsohon ya zaɓa, mai kan jan ƙarfe, wanda ake turawa cikin garwashi. Da ya gama, ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, sannan ya dubi nawa hannuwan. A nan na gane abin da ake ciki.

"Malam, ni fa allura na sani da zare."

"To," in ji shi.

Haka na fara koyon aikin da na shekara talatin da wani abu ina gani daga nesa. Na hura gawayi a kurfoti, na sa ƙarfen har ya yi zafi. Ya ba ni guntayen waya biyu in haɗa. Ina ɗiga dalmar tana mulmulewa tana gangarewa kamar ruwa a ganyen gwaza, ba ta kama komai. Na ƙona ɗan yatsa, na ƙona gefen zanena. Yana kallo yana cewa bari, ni kuma ban san me zan bari ba. Can sai ya matso, ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya kai bakin ƙarfen kan wayar kanta, ya riƙe ni a wurin. Sai da wayar ta ɗauki zafi sannan ya yi mini nuni da kai in kawo dalmar. Tana taɓawa ta narke ta shige tsakanin silin wayar, ta yi sheƙi. Bai saki hannuna nan da nan ba. Tun da muka dawo daga Kano ni ce mai riƙe shi, in tayar, in zaunar, in yi masa wanka. Ranar ce ta farko da shi ya riƙe ni.

Bayanin abin da za mu haɗa shi ne wahala. Rubutu ya tafi tare da magana. Amma yana iya zane. Da bakin sanda yake zana mini a rairayin tsakar gida: nan batiri, nan dogo, a tsakaninsu wani ɗan akwati, daga akwatin layi uku. In tambaya, ya ce to ko bari. Wani lokaci tambaya ɗaya sai ta ci mana rabin yini, don ban san abin da zan tambaya ba. Kaji kuma su bi ta kan zanen su watsa, gobe a sake.

Batirin babur ɗinsa muka ci gaba da amfani da shi, tunda babur ɗin na jingine a zaure ba mai hawa. Da 'yar solar da muke cajin fitila nake cika shi.

Wata rana yana barcin rana, ni kuma ɗoki ya kama ni. Na ga ai ya ware wani bolum na rediyo, abin nan da ake murɗawa a ƙara murya ko a rage. Na ce a raina, abin da ke rage murya ai zai rage gudu. Na jona shi kai tsaye tsakanin batiri da dogo, na murɗa. Jirgin ya ɗan motsa, sai wani siririn hayaƙi ya taso daga cikin bolum ɗin, wari ya cika ɗakin. Warin ne ya tashe shi. Ya dubi abin da na yi, ya dube ni tsaye da mafici ina korar hayaƙi. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya motsa. Ashe dariya yake, da rabin bakinsa, har hawaye na zubo masa. Na zauna a ƙasa muka yi ta yi tare.

Daga baya na gane abin da layin nan uku suke nufi. Bolum ba zai iya ɗaukar wutar jirgi shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da wani abu mai ƙarfi da zai ɗauki nauyin, shi kuma bolum ya riƙa gaya masa yawan da zai saki. Taransista ake ce masa, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku. Daga cikin wata matacciyar amfilifaya ya sa na ciro shi, ya kuma sa na nemo wani bolum ɗin. Ƙafafun nan uku kama ɗaya suke a idona, amma kowace da inda take zuwa.

A kansu muka yi faɗa. Na haɗa, ya gwada da mita, ya ce bari. Na warware na sake, ya ce bari. Zafin garin ya kai inda ya kai, gawayi na ci a gabana, gumi na shiga mini ido, ga ɗinkin ankon wani biki da na karɓa yana jirana. Na sake juya ƙafafun, ashe na mayar da su yadda suke da farko. Sai ya ɗaga sanda ya maka wa ƙasa, ya sake makawa, yana ta ƙoƙarin fito da wata kalma ta ƙi fita, sai wani gurnani. Ya sa ƙafar hagu ya shure kwanon da ƙananan kayan ke ciki, suka watse a ɗakin.

Na miƙe na ce, "Malam, ban iya ba. Ba ni na ɗora maka ciwon nan ba. Ni ma na gaji."

Na fita na zauna a kicin na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Da na dawo na tarar ya zamo daga kujera ya zauna a ƙasa, yana tsince kayan da hannu ɗaya yana mayarwa cikin kwanon. Na taya shi muka tsince. Aka yi kwanaki ba wanda ya kalli wajen jirgin. Na gama ɗinkin ankon, masu shi suka zo suka karɓa.

Ni na koma wa aikin da kaina. Na samo zare kala uku, ja da kore da fari, na kai masa. Na ce ya nuna mini ƙafar da ke zuwa wajen batiri in ɗaura mata ja, wadda ke zuwa dogo kore, ta bolum kuma fari. Ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya ce to, a hankali. Daga ranar ban sake rikita su ba.

Da muka jona, na murɗa bolum ɗin kaɗan, jirgin ya yi 'yar ƙara bai motsa ba. Na ƙara, ya taka, ya zagaya kwanar nan da ta kayar da shi shekarun baya, ya wuce lafiya. Amma bai yi zagaye da yawa ba taransistan ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Maigidana ya nuna kicin. Bayan doguwar tambaya na gane murfin tukunya yake so, na alminiyam. Na yanko wani yanki da tsohon almakashina, muka huda da ƙusa, muka ɗaure taransistan a jiki da noti, murfin ya riƙa shanye zafin. Sai kuma wata matsalar: idan an rage gudu sosai, jirgin ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. Wannan datti ne a kan dogo. Na goge shi da ƙyalle da ɗan fetur, na goge ƙafafun jirgin, tafiyar ta daidaita. Muka zuba komai cikin wani gwangwanin alewa, kan bolum ɗin ya leƙo ta murfi.

Na ɗauka mun gama. Na ajiye masa gwangwanin a cinya na koma gefe. Ya kama bolum ɗin zai murɗa, gwangwanin ya juya tare da hannunsa, don babu ɗaya hannun da zai danne. Na danne masa. Amma hannun hagun ma rawa yake tun bayan ciwon, kuma bai saba da aiki mai laushi ba. Yana taɓawa sai ya zarce, jirgin ya fizga ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Ya ture gwangwanin ya kawar da kai.

"Bari in riƙa murɗa maka kana kallo."

"Bari," ya ce, bai juyo ba.

Kwana biyu abin na raina. Ina kan keken ɗinki ina taka shi da ƙafa, sai na tuna da fedar lantarki. Shekarun baya shi da kansa ya sa wa kekena mota, da 'yar feda baƙa da ake takawa, idan ka danna kaɗan ya yi a hankali, idan ka danna sosai ya ruga. Rashin wuta ya sa na cire na koma taka keken da ƙafa, fedar na cikin kwandon ƙyallaye. Ƙafarsa ta hagu kuwa lafiyarta ƙalau, ita ke ɗauke da shi duka. Na ciro fedar na ajiye a gabansa.

"Malam, wannan fa? Da ƙafa."

Ya sa ƙafa ya danna, ta dawo. Ya sake dannawa. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban san yadda zan faɗe shi ba. Ya ce to, ya sake cewa to.

Kayan cikin fedar ba su dace da wutar batiri ba, sai da muka kwance muka fitar da su, muka bar sifirin ɗin da ke dawo da ita. A cikin buhunan ya sa na nemo wata tsohuwar rediyon kaset mai irin bolum ɗin da ake turawa sama da ƙasa maimakon murɗawa. Shi muka dasa a cikin fedar, muka ɗaura masa 'yar waya mai tauri, yadda idan an taka zai zame gaba, idan an saki ya dawo. Wannan ya ci mu makonni. Wayar ta yi ta zamewa, sai da na naɗe ta da zaren ɗinkin takalmi na ɗiga mata gam. A kwanakin nan ya koma cin abinci sosai. Da asuba idan ya idar da salla, kafin in dama koko ya riga ya nuna kurfoti.

Ranar da ta yi aiki, hadarin farkon damina na haɗuwa a gabas. Na zaunar da shi a kujera, na sa masa fedar ƙarƙashin ƙafa. Ya danna a hankali, a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai. Jirgin ya motsa, taragai suka ja juna ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara masa gudu a miƙaƙƙen wuri, ya sassauta a kwana. Ya sa na ajiye gwangwanin kifi a gefen dogo, na gane tasha ke nan. Ya riƙa kawo jirgin yana rage gudu tun daga nesa, har ya zo ya tsaya daidai gwangwanin. Idan ya zarce ko ya gaza, sai ya sake zagayowa. Har aka fara ruwa aka ɗauke yana abu ɗaya.

Magana ba ta ɓuya a unguwa. Matan da ke kawo ɗinki suna leƙawa su ga dattijo da furfura yana wasa da jirgin yara, na san abin da suke faɗa idan sun fita, cewa ciwon ya taɓa masa kai. Na koma sakin labule idan na ji sallama.

Ana cikin haka yayarsa ta zo daga Gagarawa Tasha. Tsohuwa ce mai faɗa, ita ta goya shi yana jariri. Ta tarar da shi a kan kujera ƙafarsa a kan feda. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta, ta juyo gare ni.

"Wannan wane irin abu ne kika bar shi yana yi? Mutum a wannan hali ai carbi ya kamata a gani a hannunsa."

"Yaya, yana jan carbinsa. Wannan ɗin shi ke sa ya ci abinci."

"Abinci," ta ce, ta taɓe baki. Ta zauna a bakin gado ta gaishe shi, ya ce to.

Bai daina abin da yake yi ba. Ya zagayo da jirgin, ya fara rage masa gudu daga nesa yadda ya saba. Ina kallon yayar tasa, ta bi jirgin da ido har ya tsaya a gwangwanin.

"Haka jirgin gaske yake shigowa garinmu," ta ce, muryarta ta sauka. "Tun daga wajen kukar nan yake fara ja da baya. Innarmu na jin ƙararsa za ta ce mu ɗauki faranti." Ta juya wajensa. "Ka tuna? Ni da dafaffen ƙwai, kai da ruwa a buta, kana bin tagogi. Rannan ka tsaya kallon direba har jirgi ya tashi ba ka sayar da ko kofi ɗaya ba, Inna ta zane ka."

Ya ce, "To."

"Kullum cewa yake shi direban jirgi zai zama," ta ce mini. "Baba ya ce ba ɗansa da zai bi dogo ya bar gona. Ƙarshe gonar ma bai zauna ba."

Shekarun da muka yi tare bai taɓa gaya mini wannan ba. Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce masa, "Sake kawo shi in gani." Ya sake. Kwananta uku a gidan, ba ta ƙara maganar carbi ba.

Daminar nan ita ce mafi daɗin abin da muka samu bayan ciwon. 'Yarmu ta zo da yaranta, ya bar su suka ɗora wa taragai gyaɗa yana kai musu tasha. Ɗanmu ya zo ya ɗauki hotonsa a waya. Har na fara sa rai cewa wata kalmar za ta dawo masa. Ba ta dawo ba.

Bayan an yi girbi ciwon ya sake bugunsa, wannan karon yana zaune a tabarma bayan la'asar. Muka kwana biyu a asibiti aka sallamo mu, likitan ya ce a kai shi gida a kula da shi. Bai ƙara zama da kansa ba, ƙafar hagun ma ta saki. "Bari" ta tafi, "to" ta tafi. Fatiha kuma sai dai in ga leɓensa na motsi idan ina karanta masa.

Wata rana na ga idonsa na kan jirgin, wanda na jingine da ƙyaurensa a bango. Na shimfiɗa shi a inda zai gani daga gado, na goge dogon, na jona batiri. Na ɗaga ƙafarsa na ɗora a kan fedar, na tallafe ta. Na ji yana ƙoƙari, yatsun suka ɗan motsa, amma fedar ba ta sauka ba. Sai na sauke ƙafar na taka da tawa. Jirgin ya zagaya, na kawo shi tasha na tsayar kamar yadda yake yi. Da na ɗago in ga fuskarsa, ya juyar da kai wajen bango, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Na cire wayar daga batirin. Ban sake haɗawa ba.

Ya yi wata biyu da wani abu a haka. Ranar da zai rasu na ba shi kunu da safe ya sha cokali kaɗan, na fita shanya, na dawo na tarar numfashinsa ya canja. Na aika aka kira maƙwabcinmu liman, ya zo ya zauna a kansa yana yi masa kalmar shahada. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Da la'asar aka kai shi.

Na yi takaba a gidan, 'yarmu na tare da ni. Da aka zo raba kaya, ɗanmu ya tambaye ni ko ina son a bar mini jirgin. Na ce ya tafi da shi Kano wa yaransa, har da fedar da gwangwanin. Kayan shagon aka ba wani da ya taɓa koyon aiki a wurinsa. Gidan kuma suka ce ba zan zauna ni kaɗai ba, aka sa haya, na bi 'yata Sule Tankarkar. Surukina mutumin kirki ne, ya ware mini ɗaki mai taga wajen gona. Kekena na nan tare da ni, ina ɗan taɓa ɗinkin yara idan ido ya yarda.

Ban taɓa ganin kabarinsa ba, tunda mu mata ba ma zuwa. Na tambayi ɗanmu, ya ce yana can gefen gabas na maƙabartar, kusa da wata aduwa. Duk sanda hanya ta kai ni Gumel, idan mota ta zo daidai katangar, nakan leƙa ta taga in yi masa addu'a. Aduwoyin suna da yawa a wurin, ban san wacce ba ce.